Ayarin Tafi-da-Gidanka a Gaɓar Tekun Queensland

Ya 'yan'uwana ɗalibai, babu wanda bai san ayari ba a cikinmu, ko da a bakin tsofaffi ya ji labarinsa: jagaba a gaba, madugu a baya, jakuna da takarkarai a tsakiya, a tashi da asuba, a sauka zango kafin rana ta take. To, a ƙasar Ostareliya akwai wani irin ayari da ke tashi ko wace shekara, wanda babu jaki a cikinsa, babu raƙumi, ba kuwa fatauci ke fitar da shi ba. Mutum ne da iyalinsa za su ɗaura wani ɗaki mai ƙafafun roba a bayan motarsu, su ja shi gari gari, inda dare ya yi musu nan ne gida. Irin wannan ɗaki shi ne mu ke kira tafi-da-gidanka. Turawan Ingila karaban su ke ce masa, kalmar kuwa aro ce daga harshen Farisa, ma'anarta ta asali ita ce ayari. A shekarar 2023 irin waɗannan ɗakuna da motocin kwana da aka yi wa rajista a ƙasar sun haura 800,000.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da masu wannan tafiya suka fi so ita ce wadda ta bi gaɓar teku a jihar Queensland, arewa maso gabas da ƙasar. Ana kiranta hanyar Bruce, da sunan Harry Bruce, wanda ya yi ministan ayyuka na jihar a shekarun 1930. Ta tashi daga Brisbane, babban birnin jihar, ta ƙare a Cairns, tsawonta kusan kilomita 1,700, watau kamar nisan Ikko zuwa Kano a jirgin ƙasa sau ɗaya da rabi. Na bar sunayen garuruwan yadda su ke a taswira don mai nema ya same su.

Wanda ya dubi wannan hanya da idon basira zai ga abu guda ne ke mulkinta tun daga farko har ƙarshe, watau ruwa. Shi ke yanke wa matafiyi ranar tashi, shi ya zaɓa wa ko wane gari sana'arsa, shi ne kuma ke halaka wanda ya raina shi. Wannan shi ne abin da na ke so in bayyana.

Ɗakin da kayansa

Bari mu fara da ɗakin kansa. Galibi tsawonsa mita 5 ne zuwa 7. A ciki akwai gado, da murhun gas, da firji, da tankin ruwa a ƙarƙashi, manyansu kuma har da makewayi da wurin wanka. A goshinsa akwai wani ƙarfe mai baki kamar ƙoƙo, wanda a ke kifawa bisa wani dunƙulen ƙarfe da ke bayan mota, a kulle, a ƙara da sarƙa.

Duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san in gefe guda ya rinjaya, ba a yin nisa kaya ke zubewa. Haka al'amarin ya ke a nan, sai dai rinjayen gaba da baya ne. Ƙa'idar da masu abin suka saba bi ita ce, wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin ɗakin ya sauka bisa dunƙulen nan na bayan mota, kaya masu nauyi kuma a ajiye su ƙasa ƙasa, daidai kan ƙafafun. In aka tara nauyi a baya, da mota ta ɗauki gudu, ko wata babbar mota ta gifta da iskarta, sai ɗakin ya shiga kaɗa gindi hagu da dama. Kaɗawar tana ƙaruwa ne a kai a kai, har ta fi ƙarfin direba, mota da ɗaki su kife tare. Maganinta shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari sosai, a kama birkin ɗakin shi kaɗai, kada a danne birkin mota da ƙarfi. Don haka ne dokar ƙasar ta ce ɗakin da ya wuce kilo 750 sai da birkinsa, wanda ya wuce kilo 2,000 kuwa sai da birkin da zai kama da kansa in ɗakin ya tsinke daga mota.

Zango kuma ba ya wuya. Kusan ko wane gari yana da filin da aka keɓe, inda matafiyi zai biya kuɗin kwana, a nuna masa wurinsa, a ba shi wutar lantarki da famfo, ga wurin wanki, ga ramin da aka tanada don zubar da ƙazantar makewayi, gama an hana zubar da ita a daji ko a rafi. Da yawa daga masu wannan yawo dattawa ne da suka gama aiki suna cin fansho, har an yi musu laƙabi da makiyaya masu furfura, domin yadda makiyayi ke bin ciyawa, haka su ke bin ɗumi.

Lokacin tashi

Ostareliya tana kudu da layin nan da ya raba duniya biyu, saboda haka lokatanta kishiyoyin namu ne. Sa'ad da mu ke tsakiyar damina, a Yuni da Yuli da Agusta, su a lokacin su ke sanyi. A biranen kudu irin su Melbourne sai ɗari da yayyafi, amma a Cairns rana na fitowa garau, zafinta wajen digiri 26, dare kuwa da ni'ima. Wannan ya sa ayari ke ɗaura kaya a Mayu ko Yuni ya nufi arewa, ya juyo gida a Satumba ko Oktoba. A waɗannan watanni zangon kan cika maƙil, wanda bai kama wuri tun da wuri ba ya kan kwana a gefen hanya.

Me ya hana su zuwa a sauran watanni? Arewacin Queensland lokaci biyu gare shi kamar mu, rani da damina, daminarsa kuwa daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. A lokacin teku kan yi zafi, in ruwanta ya kai digiri 26 ko 27 sai tururi ya riƙa tashi da yawa, iska ta shiga juyawa a kansa, har ta zama mahaukaciyar guguwa mai faɗin ɗaruruwan kilomita. Masana yanayi su kan raɗa wa ko wace suna. Wadda aka kira Larry ta sauka a Innisfail ranar 20 ga Maris 2006. Yasi, wadda ta fi ta ƙarfi, ta sauka kusa da Mission Beach ranar 3 ga Fabrairu 2011. Debbie kuma ta faɗa wa yankin Airlie Beach ranar 28 ga Maris 2017. Iskar da ke yaye rufin gida ta tumɓuke itace, ina ga akwatin da ke tsaye bisa ƙafafun roba?

Ko babu guguwa ma, ruwan sama ya isa. Duwatsu sun yi jeri kusa da gaɓar, koguna kuwa gajeru ne, suna gangarowa daga duwatsun zuwa teku, hanyar kuma dole ta ƙetare su ɗaya bayan ɗaya. Kogin da aka wuce da safe yana rairayi, da maraice sai a tarar ya shafe gada. A watan Janairu 2011 kogin Fitzroy ya cika ya datse hanyar a Rockhampton kwana da kwanaki. A watan Fabrairu 2025 ruwa ya karya gadar rafin Ollera, tsakanin Townsville da Ingham, manyan motocin abinci suka tsaya cik, kantunan garuruwan arewa suka fara ƙarewa da kaya. Ko wace shekara hukuma na gargaɗi kada kowa ya shiga hanyar da ruwa ya rufe, domin ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, balle ɗaki mai kama da jirgi. Duk da haka a kan sami masu gwadawa, a kan kuma yi asarar rayuka. Kowa ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.

Daga Rockhampton zuwa Townsville

In ayari ya bar Brisbane ya yi wajen kilomita 600 da 'yan kai, sai ya iso Rockhampton. A nan ne layin da malaman hisabi ke kira da sunan burjin Jadyi ya gifta, digiri 23 da rabi kudu, inda rana ke tsayawa daidai tsakar ka a ƙarshen Disamba. Daga nan aka shiga ƙasashen zafi. Ruwan wannan gari wajen milimita 800 ne a shekara, bai fi na Kano ba, don haka ƙasar ta fi dacewa da kiwo. Garin shanu ne, har sun kakkafa siffofin bijimai a mashigansa. Daga nan zuwa Mackay wajen kilomita 330 ne na daji da makiyaya, garuruwa kaɗan, mai hankali kuwa ya kan cika tankinsa kafin ya tashi, gama motar da ke jan ɗaki ta fi shan mai nesa ba kusa ba.

Da an kusa Mackay sai ƙasa ta sāke. Ruwan nan ya ninka na Rockhampton, sai gonakin rake dama da hagu iyakar ganin ido. Wajen kashi 95 cikin 100 na sukarin Ostareliya daga Queensland ya ke fitowa. Rake kuwa, kamar yadda masu mazarƙwaila suka sani, in aka sare shi ba ya son jira, zaƙinsa raguwa ya ke yi. Saboda haka aka shimfiɗa ƙananan hanyoyin jirgi, faɗinsu ƙafa 2 kacal, suna ratsa gonaki zuwa ma'aikatun matsa. Lokacin sara daga Yuni ne zuwa ƙarshen shekara, daidai da lokacin ayari, jiragen kuma suna gifta hanyar mota a wurare da yawa, dole direba ya buɗe ido.

Wannan rake yana da labarin da bai kamata a wuce shi ba. Tsakanin 1863 da 1904 an kawo mutanen tsibiran tekun Fasifik, mafi yawansu daga inda a yau a ke kira Vanuatu da tsibiran Solomon, har wajen mutum 60,000, don su yi aikin gonaki. Wasu da yardarsu suka zo, wasu yaudararsu aka yi, wasu kuwa sato su aka yi daga bakin teku, lada kaɗan, mutuwa da yawa. A 1901 aka kafa dokar korarsu, tsakanin 1906 da 1908 aka mai da dubbai tsibiransu. Waɗanda suka saura, jikokinsu na nan a Mackay da kewaye, a 1994 kuma gwamnatin tarayya ta amince da su a matsayin al'umma mai zaman kanta.

Gaba da Mackay akwai Airlie Beach, inda a kan ajiye ɗaki a zango a shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran Whitsunday guda 74. Sa'an nan Bowen, wadda aka kafa a 1861. A nan ruwa ya sāke raguwa, sai mangwaro da tumatir. Bayanta sai kogin Burdekin, wanda da rani rairayi ne da ɗan ruwa a tsakiya, da damina kuwa sai ka ce teku. Ƙananan gadojin da aka fara yi masa ruwa kan rufe su, har aka gina doguwa aka buɗe ta a 1957. Tsawonta ya haura kilomita 1, mota da jirgin ƙasa duka a kanta su ke bi, tun da kuwa babu dutse a gindin kogin, sai da aka nutsar da ginshiƙanta cikin rairayi wajen mita 30. Raken wannan yanki da ban ruwa a ke nomansa.

Townsville ce babbar alƙarya ta arewa, an kafa ta a 1864. Ta ci sunan Robert Towns, attajirin nan da ya fara kawo mutanen tsibirai a 1863. Tashar jiragen ruwa ce ta ma'adinai da sukari da shanu, bariki ce kuma ta soja. Jiragen saman Japan sun jefa mata bom a watan Yuli 1942. Ruwanta wajen milimita 1,100 ne a shekara, da rani tudunta ja ne, ciyawarta busasshiya.

Ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa

Daga Townsville zuwa Cairns wajen kilomita 350 ne, amma a ɗan tsakanin nan matafiyi zai ga abin mamaki. Da ya wuce Ingham sai daji ya rikiɗe ya zama kurmi mai duhu, duwatsu su matso har bakin teku, gajimare na zaune a kansu. Ga dalili. Yawancin shekara iska daga kudu maso gabas ta ke busowa, ta biyo kan teku ta ɗauko laima. A wajen Bowen da Townsville gaɓar ta kwanta ne daidai da inda iskar ta nufa, sai ta bi gefenta ta wuce. A nan kuwa duwatsu sun tare mata gaba, cikinsu har da Bartle Frere, wanda ya fi ko wane dutse tsawo a jihar, ya haura mita 1,600. Dole iskar ta hau, in ta hau ta yi sanyi, in ta yi sanyi ta sauke abin da ta ɗauko.

Don haka garin Tully ke samun fiye da milimita 4,000 a shekara. A 1950 ma milimita 7,900 aka auna, mutanen garin kuwa suka gina siffar takalmin ruwa mai tsawon mita 7.9 don baƙo ya tsaya a gindinsa ya ga iyakar inda ruwan shekarar zai kai. Tsofaffin gidajen wannan gaɓa na katako ne, an ɗora su bisa dirkoki, da baranda kewaye, don iska ta ratsa, ambaliya ta bi ta ƙasa, gara kuma a gan ta tun ba ta yi ɓarna ba. Mafi yawan ayabar ƙasar daga Tully da Innisfail ta ke fitowa. Da guguwar Larry ta kwantar da gonakin a 2006, sai da ayaba ta zama abincin masu hali a dukan Ostareliya har watanni.

A kurmin Mission Beach akwai wani tsuntsu dangin jimina, ana ce masa kasuwari. Tsayinsa ya kan kai na mutum, wuyansa shuɗi, da wani tudu a ka kamar kwalkwali, namijin ne kuma ke kwanci ya reni 'ya'ya. Yana haɗiye 'ya'yan itace ɗungum, ya kasayar da ƙwayoyin a nesa, ta haka kurmin ke yaɗuwa. Motoci da karnuka ne ke kashe shi, shi ya sa aka kakkafa alamu a rage gudu.

Akwai kuma wani baƙo da ya zama ɗan gari. A 1935, da wani ƙwaro ya dami rake, aka kawo manyan kwaɗi 102 daga Hawayi, aka hayayyafa su kusa da Gordonvale, aka saki. Ƙwaron yana can saman kara, kwaɗon yana ƙasa, ba su haɗu ba. Kwaɗon kuwa dafi gare shi, maciji ko guza ko kare da ya kama shi sai mutuwa. Damina ta ba shi kududdufai, ya yaɗu har ya kai yammacin ƙasar, har yanzu kuma ba a sami maganinsa ba.

Abin da ke cikin ruwan

Baƙon da ya ga farin rairayi da ruwa mai ɗumi, ransa zai ba shi ya faɗa. A nan ne a ke so ya yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Daga wajen Gladstone, kudu kaɗan da Rockhampton, har iyakar arewa, ko wane kogi da bakin teku ana ɗaukarsa gidan kada ne. Kadan nan ba irin na tafkunanmu ba ne, yana zama a ruwan gishiri da na daɗi duka, babban namiji ya kan kai mita 5 ko fiye. An yi ta harbinsa don fatarsa har ya kusa ƙarewa, sai a 1974 jihar ta hana, ya sāke yawa. Hukuma ta ce mutum ya tsaya aƙalla mita 5 daga bakin ruwa, ya kafa zangonsa aƙalla mita 50 daga gare shi, kada ya zubar da kayan cikin kifi a mashaya, kada kuma ya riƙa zuwa wuri guda a lokaci guda kullum, domin kada yana lura, yana kuma da haƙuri.

Na biyu wata halitta ce da ba mu da sunanta, bari mu kira ta kunamar teku. Jikinta garau ya ke kamar ruwan da ya daskare, da kyar ido ke ganinta, tana jan waɗansu zarurruka masu tsawon mita 2 ko 3, cike da dafi. Babbar, mai siffar akwati, tana iya tsai da zuciyar mutum cikin 'yan mintoci. Akwai kuma ƙarama, ba ta fi farcen yatsa ba, ana kiranta Irukandji da sunan wata ƙabila ta wajen Cairns. Harbinta ba ya zafi da farko, sai bayan kamar rabin sa'a ciwo ya turnuƙe mutum. Wani likita mai suna Jack Barnes ne ya tabbatar ita ke kawo wannan ciwo, da ya kama ta ya sa ta harbe shi da gangan, aka kwantar da shi asibiti. Sun fi yawa daga Nuwamba zuwa Mayu, watau da damina. A lokacin a kan kewaye wurin wanka da raga, masu iyo su sa rigar da ta rufe jiki duka, a kuma ajiye kwalaben ruwan tsamin nan da a ke kira binega a bakin teku, domin in aka kwarara shi a wurin harbin yana hana sauran ƙayoyin da ba su fashe ba su saki dafinsu.

Katangar murjani da ƙarshen hanya

An kafa Cairns a 1876 don ta zama tashar masu haƙar zinariya na bayan duwatsu, yau kuwa da baƙi ta ke ci. Abin da ke kawo su shi ne babbar katangar murjani da ke cikin teku, wadda ta bi gaɓar har kilomita 2,300, babu irinta a duniya. Murjani ba dutse ba ne tun asali. Waɗansu ƙananan halittu ne ke gina wa kansu gidan farar ƙasa, 'ya'ya bisa na iyaye, shekaru dubbai. A cikin jikinsu akwai wani ɗan tsiro da ido ba ya gani, shi ke ba su abinci da launi. In ruwa ya fi yadda suka saba zafi, ko da digiri 1 ne, ya kuma daɗe makonni, sai su fitar da tsiron, su yi fari fat, in abin ya yi tsawo su mutu. An ga haka a faɗin katangar a 1998, da 2002, da 2016, da 2017, da 2020, da 2022, da 2024. Ban da zafi, kogunan nan da muka ƙetare suna kwaso laka da takin gonaki su zuba a teku. Ruwan da ya rayar da rake shi ne ke kai wa murjani cuta, shi ya sa a ke ta fama da manoma su rage taki.

Wannan katanga ce ta kusa cin Kyaftin James Cook. A watan Yuni 1770 jirginsa Endeavour ya hau murjani da dare ya huje, suka zubar da igwa da kaya don ya taso, suka lallaɓa zuwa bakin wani kogi, suka yi kusan mako 7 suna gyara. Wurin shi ne Cooktown a yau. A can suka sadu da mutanen Guugu Yimithirr, daga bakinsu kuma aka fara rubuta sunan dabbar nan kangaru. Kada mu manta, ƙasar ba kango ba ce sa'ad da Turawa suka zo. Masu ita sun fi shekara 50,000 a Ostareliya, sun san lokacin ko wane kifi da ko wace iska. An kashe da yawansu, an kori wasu daga ƙasar kakanninsu. A 2021 aka mayar wa mutanen Kuku Yalanji na gabas da kurmin Daintree, wanda ke arewa da Cairns.

Mai son kai wa Cooktown hanya biyu ke gabansa. Ta bakin teku ta bi ta Port Douglas, a ƙetare kogin Daintree a jirgin fito, amma can gaba kwalta ta ƙare, sai hawa mai tsayi da rafuka marasa gada, ba a shiga da ɗaki. Ɗayar ta zaga ta bayan duwatsu, wajen kilomita 330, kwalta har gari. Masu ɗaki ita su ke bi, ko da ya ke ba ta kai waccan kyan gani ba. Sannu ba ta hana zuwa. Daga Cooktown yawancinsu ke juyowa, domin da Oktoba ta kama, gajimare ya fara haɗuwa a kan duwatsu da la'asar, kowa ya san lokaci ya yi.

To, 'yan'uwa, mu da za mu tsaya gaban yara gobe mu koya musu labarin ƙasa, akwai abin ɗauka a nan. Haddar sunayen garuruwa ba ta daɗewa a kan yaro. Amma in aka shimfiɗa masa taswira, aka nuna masa inda iska ke fitowa da inda duwatsu suka tsaya, aka rubuta masa 800 a Rockhampton, 1,100 a Townsville, 4,000 a Tully, sa'an nan aka tambaye shi ina shanu za su kasance, ina ayaba, wane wata ne kuma mai hankali zai ɗaura kaya, da kansa zai ba da amsa. In ya iya wannan a ƙasar da bai taɓa gani ba, zai iya a tasa. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kiyaye matafiya a tudu da ruwa, amin.